Tekun da Na Zana a Kan Gonar Inna

Kwanakin baya jikata ta zo mana hutu. Ta zauna a gefen tabarmata da wayarta ta ce, "Tsoho, faɗi sunan ƙauyen da aka haife ka in nemo maka shi, ka daina cika mana kunne da labarinsa." Na faɗa mata. Ta latsa, ta shafa, ta sake latsawa, ta ce wayar ta ce babu wannan gari. Na ce to ta nemo Ƙaraye, ta gangara daga nan. Sai ga wani shuɗi ya cika fuskar wayar, mai yatsu-yatsu kamar ganyen rogo. Ta ce, "Ai nan ruwa ne." Na ce na sani, ni na fara zana shi. Ta ɗauka wasan kaka da jika ne, ta yi dariya ta tashi ta bar ni. Ni kuwa ranar abinci bai shige ni ba.

Garin namu ba wani gari ba ne da za a yi alfahari da shi. Yana zaune ne tsakanin tudu da fadama, kogi na ratsa ta bayansa. Na fi tuna shi da kunne a kan ido. Kafin rana ta fito za ka ji kukan jigo, abin ɗebo ruwan ban ruwa, daga lambuna, itace na gugar itace, wannan ya yi ƙasa wancan ya yi sama, kowane jigo da muryarsa, har mukan gane na wane ne ya makara. Daga nan sai luguden mata ya ɗauka daga gida zuwa gida, sai karatun yara ya tashi a zauren mahaifina. Da kaka ƙamshin mazarƙwaila ne ke biyo iska, da damina kuwa kwaɗi ba sa barin kowa ya ji maganar ɗan'uwansa. Yanzu inda nake zaune ba abin da ke tashe ni sai babura da injin ban ruwa, su kuwa duk muryarsu ɗaya. Yaran yanzu in ka ce musu jigo sai su zaci sunan wani abinci ne, ba na kuma ganin laifinsu, tunda ba su tarar da shi ba.

Mahaifina malamin allo ne kuma manomi, mutum mai ƙarancin magana. Mahaifiyata, da muke kira Inna, ita ce mai surutun gidan. Tana da 'yar gona a fadama da ta gada daga ubanta, tana sa albasa da tattasai da 'yar rake kaɗan don mu. Daga bakin gonar ana hango tsamiyoyin maƙabarta, inda aka binne ƙannena biyu da suka rasu tun suna goye. Mata ba sa shiga can, don haka Inna ba ta taɓa ganin kabarinsu ba. Abin da ta sani tsamiyoyin ne. In ta gama cirar ciyawa sai ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dube su ta ce, "Allah ya kai haske," sannan ta ɗauki ƙwaryarta mu tafi gida.

Cutar taswira a makarantar kwana ta Ƙaraye ta kama ni, ni da abokina Habu, ɗan Falgore ta wajen Rogo. Malamin labarin ƙasa ya rataye mana taswirar duniya, muka taso muna neman garuruwanmu da yatsa. Kano kanta ɗigo ce kamar kashin ƙuda. Ƙaraye ko ɗigon babu, balle Falgore, balle namu. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda ya kamata. Da aka zo darasin tarihi kuma aka ce Turawa sun shimfiɗa dogo har Kano, aka tara dalar gyaɗa a can, sai na zunguri Habu na ce, gyaɗar wa? Ba tamu ba ce? Mu ne da noma, mu ne da ɓara, wasu ne da suna. Habu ya ce, "Da a ce Turawan nan sun ɓata hanya fa?" Wannan maganar ita ta cinye mana shekarun ƙuruciya.

Muka yanke cewa Turawa sun taho, sauro ya tare su a hanya, suka koma inda suka fito. Saboda haka ba dogo, ba wanda ya kwashe gyaɗa ya kai wani wuri, ƙasa ta zauna a hannun masu nomanta. Muka dasa dalar gyaɗa a Ƙaraye. Kano muka mayar da ita 'yar unguwar marina, duk shekara tana aiko mana da rini a matsayin gaisuwa. Kwanyawa ta zama garin maƙera, Tudun Kaya garin malamai da ɗakunan littattafai, Falgore kuwa Habu ya kafe sai ta zama barikin soja, don wai mutanensu ne masu zuciya. Babban birni ne kawai ya gagare mu. Ni na ce Ƙaraye, shi ya ce Rogo, har muka yi mako ba ma gaisawa, daga baya muka shirya a kan sarki zai riƙa yin damina a nan rani a can. Kuma da muka zo zana taswirar ƙasar tamu, gabas muka sa a sama. Malaminmu da ya gani ya ce arewa ake sawa a sama a duk duniya. Na ce masa a ƙasarmu inda mutum ke fuskanta in zai gai da Ubangijinsa shi ne sama. Ya ja mini kunne, amma ban gyara ba.

Habu mai baki ne, ni ne mai hannu. In an yi hutu sai in bi magina in roƙi takardar buhun siminti, in karkaɗe ta, in yayyafa mata ruwa, in shimfiɗa ta a ƙarƙashin tabarmar Baba ta kwana biyu ta miƙe. In haɗa guda-guda da ƙaro har ta kai girman buzu. Alƙalami na kara nake feƙewa da kaina, siriri don hanyoyi, mai kauri don iyaka. Tawada kuwa daga kurtun Baba nake tsoma, wadda yake rubuta wa yara allo da ita, don ita ce a gidan kuma ba ta kashe takarda. Duwatsu in yi su kamar haƙoran zarto, daji in cika shi da ɗige-ɗige, kowane gari in yi masa ganuwa da ƙofofi, kowace ƙofa da sunanta. Sai in wuni a durƙushe ban san rana ta yi ba sai gwiwata ta sage. Baba yakan tsaya a kaina ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wace ƙasa ce wannan?" In ce, "Baba, da a ce ne." Ya ce, "Kai da da-a-cenka. Ai an riga an ce." Bai taɓa hana ni ba, sai dai ya ce in na gama in rufe masa kurtu kada tawada ta bushe.

Teku ne ya zo daga baya. Habu ya lura cewa duk ƙasar da ta amsa sunanta a taswirar makaranta tana da shuɗi a gefenta, kuma in ba mu da jiragen ruwa da me za mu fitar da gyaɗarmu? Magana ta yi ma'ana. Saura inda za a sa shi. Ban yi wani dogon tunani ba, ruwa gangare yake bi, wannan ko ɗan yaye ya sani. Na buɗe kogin namu, na faɗaɗa shi, na bar shi ya malale fadama duka, garinmu kuma na ɗauke shi na ɗora a kan tudu na yi masa tashar jiragen ruwa. Abin da ba ni da shi shuɗi ne. Na je wurin Inna na roƙi bular wankinta, ta kwance ƙullin ta gutsuro mini, ta biyo ni ta ga abin da zan yi da ita. Da na shafe wurin ta sunkuya ta ce, "To ina gonata?"

Na ce, "Tana ƙarƙashin teku, Inna. Amma duk jirgin da ya tsaya sai ya sayi albasarki."

Ta ce, "A ina zan noma albasar, ɗan nema? Allah ya shirye ka." Ta tafi tana dariya tana goge yatsunta a zani.

Na manna taswirar a bangon zaure, ta zama abin kallon gari. Masu zuwa gai da Baba sai su tsaya, kowa na tambayar ina gidansa. Na raba musu muƙamai kyauta. Tanko mahauci, wanda ya fi kowa son a san da shi, na naɗa shi sarkin jirage, ya shekara yana sa yara suna kiransa da haka, in ka ce masa sarkin jirage har ƙarin tsoka yake yi maka. Ba wanda bai ga shuɗin nan ba, ba kuma wanda bai yi dariya ba. Ina so a riƙe wannan, don daga baya kowa ya manta ya yi dariya.

Shekaru suka tura. Na gama makaranta na kama koyarwa a firamare, Habu ya koma Falgore ya rungumi noma da aure. In mun haɗu a kasuwa mukan ƙara wa ƙasarmu wani yaƙi ko wata gada, amma zafin abin ya ragu. Baba ya kwanta ciwo wata damina, kafin kaka ya cika, muka kai shi ƙarƙashin tsamiyoyin nan kusa da 'ya'yansa. Yaran allo suka koma wurin wani malami, zaure ya yi shiru, taswira ta ci gaba da zama a bango tana kodewa. Inna ta rage surutu, sai tsayuwarta a bakin gona ta ƙara tsawo.

Wani rani sai ga baƙi a mota, da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa, da dogayen sanduna masu zane. Suka yi ta zagaya fadama suna kafa turaku masu jan fenti. Ba a jima ba aka tara mu a ƙofar gidan mai gari aka ce gwamnati za ta tare kogi ta yi dam, ruwa zai ci fadama da garin duka, za a ba mu wuri a kan tudu. Tsofaffi suka yi salati. Wani ya tambaya maƙabarta fa, aka ce ita ma tana ciki. Da aka watse na bi layin turakun nan da ƙafa, tun daga gindin kuka har bayan gonar Inna. Ba daidai da bakin tekun da na zana yake ba ɗari bisa ɗari, amma wanda ya taɓa tsayawa a zaurenmu ba zai kasa gane shi ba.

Tanko ne ya fara furtawa. Na zo wucewa ta teburinsa na yi sallama, ya ci gaba da wasa wuƙa. Ya ce da na kusa da shi, ba da ni ba, "Wasu dai sun daɗe da sanin ruwa zai zo. Mu ne jakai muna ta dariya."

Na tsaya na ce, "Sarkin jirage, da ni kake?"

Ya ce, "Kada ka ƙara kirana da wannan suna. Da wace tawada ka yi zanen nan?"

Na ce, "Da tawada mana."

Ya ce, "Ta kurtun Malam. Tawadar da ta shekara tana rubuta ayoyin Allah. Ka ɗauka abin da aka rubuta da ita yana faɗuwa ƙasa banza?"

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa in haka ne ina dalar gyaɗar da na zana a Ƙaraye, ina jiragen da na ba shi, me ya sa har yau Kano ba ta aiko mana da rini ba? Na ce masu awon nan sun yi karatun da ni da shi ba mu yi ba, kuma ko ba karatu, duk wanda aka ce ya tara ruwa a wannan ƙasa a kwari zai tara shi, ba a kan tudu ba. Na faɗi gaskiya, amma na faɗe ta da ɗaga murya da nuna yatsa a gaban manya, wannan kuma shi aka riƙe. Kafin mako magana ta rabu biyu. Waɗanda suka ɗan shiga boko suka ce na sayar wa gwamnati taswirar ne, da ita suka yi aiki. Sauran suka tsaya a kan tawada. Ni ban san wanne ya fi ƙona mini rai ba.

Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ɗaga mini hannu. Gaisuwa aka rage mini. Wanda bai zauna a irin garuruwanmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. A da in na haɗu da dattijo sai mun bi ta kan kwana da gajiya da iyali da sanyi da aiki da haƙurin rashin Malam, ya sa mini albarka, in ce amin, sannan kowa ya kama hanya. Yanzu sai in durƙusa in ce ina kwana, a ce lafiya, a ja baki a tsuke. Ina nan durƙushe da sauran gaisuwar a bakina, mutum ya riga ya juya. Aka yi gayyar rushe rumbuna ba a gaya mini ba. Yaran ajina in na ɗauki alli zan zana wani abu a allon bango sai su yi tsit suna kallon hannuna. Yau mutane na gaisawa da ɗaga hannu daga kan babur ba wanda ya damu, shi ya sa in na ba da wannan labari yara ke cewa to shi ke nan abin da aka yi maka? Shi ke nan, kuma ya isa ya hana mutum barci.

Habu ya ji labari ya tako keke tun daga Falgore. Ya tsaya a zaure ya daɗe yana kallon aikinmu, ya ce, "Ka fito da ita ka ƙona a gaban mutane, kowa ya huta." Na ce in na ƙona na yarda ke nan cewa tana da wani ƙarfi. Ya ce, "To ka yarda mana, me zai ragu a jikinka?" Na ce shi da sauƙi, garinsu ba turke ko ɗaya, kuma tekun ma shi ya kawo shawararsa. Wannan ta ɓata masa rai, ya ƙi tsayawa cin abinci. Mun shirya daga baya, amma ba mu sake maganar ƙasarmu ba har ya bar duniya.

Gaskiyar magana, Tanko da duk mutanen gari ba su ne damuwata ba. Inna ce. Magana ɗaya nake nema daga bakinta, ta ce ta san ba ni ba ne. In ta faɗi haka, sauran su yi ta tsuke baki har tashin ƙiyama. Amma Inna mai surutu ta yi gum. Tana dafa mini abinci, tana tambayata ko na ƙoshi, tana wanke mini riga, sai dai ta daina sa mata bula. Nakan zauna kusa da ita tana tsinkar zogale in yi ta bayani, yadda ake auna tudu da kwari, yadda aka yi irin wannan dam a wasu wurare inda ba a taɓa jin sunana ba. Ta saurara har in gama, ta ce, "Allah ya kyauta." Na rasa yadda zan fassara wannan addu'a. Tsoron amsar ya hana ni tambayarta kai tsaye.

Muka tashi. Aka ciccire ƙyamare da azara, aka ɗora a amalanke, maza suka je maƙabarta suka yi addu'ar ƙarshe. Taswirar na bar ta a bangon zaure, ban ƙona ba, ban ɗauka ba. Sabon wurin an yanka shi layi-layi, ba inuwa ko ta bagaruwa, maƙwabcinka na da ya koma can wani layi, wanda ba ku saba ba ya zama katangarku ɗaya. Ruwan bai zo da hayaniya ba. A hankali ya taho, ya ci lambuna, ya ci gonar Inna, ya shiga lungunan gari, katangu suka jiƙe suka zauna. Daga bakin tudu ba abin da ya rage a gani sai kawunan tsamiyoyin maƙabarta, su ma ganyensu ya zube. In rana ta take, ruwan shuɗi yake yi, har na tsani in dube shi. Inna kuwa kullum da hantsi sai ta ja sanda ta je ta tsaya a bakinsa.

Wata safiya bayan kaka ina shirin tafiya makaranta ta shigo ɗakina. Tana rungume da babban allon Baba, da kurtunsa, ta riga ta jiƙa busasshiyar tawadar ta dama. Ta ajiye a gabana ta zauna a bakin ƙofa.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. So nake ka zana mini shi ya koma."

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Ruwan. Ka mayar da shi cikin kogi yadda yake. Ba na neman gonar, na yafe. Inda Malam da yaran nan suke kwance kawai za ka busar mini."

Amsar da na shekara ina jira ke nan ta zo. Na ce, "Inna, ke ma? Ke ma kin yarda ni na kawo shi?"

Ta ce, "Ni ban ce ka yi da gangan ba. Yaro ne kai, wasa kake yi. Kuma in laifi ne ai tare muka yi, wa ya gutsuro maka bular?" Ta kai bakin mayafi ido. "Ban taɓa riƙe ka a raina ba ko na kwana ɗaya. Amma hannun da ya iya kawowa ai ya iya mayarwa."

Duk hujjojina suna nan a kan harshena, waɗanda na yi wa Tanko ihu da su, waɗanda na ɓata da Habu a kansu. Na san in na tsoma alƙalamin nan na ba wa gari gaskiya, ba kuma zan sake samun bakin cewa ba ni ba ne. Na san in na ƙi, zan fita da gaskiyata, ita kuma ta koma ɗaki da allon mijinta ba ta da sauran abin da za ta jira. Na dube ta, ta tsufa a shekara guda fiye da yadda ta tsufa a goma. Na jawo allon.

Na sa gabas a sama. Na ja kogi siriri kamar zare, na mayar da gari mazauninsa, na yi lungu-lungu, na yi zaurenmu, na yi jigo a kowane lambu. Na yi tsamiyoyin da ganyensu, na bar ƙasar da ke ƙarƙashinsu fara fes ba ɗigon komai. Hawaye na zuba, ina kawar da kai kada ya ɗiga a wurin. Ban taɓa yin zane mai kyau irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Da ya sha iska ta karɓa da hannu biyu, ta wanke shi tas a cikin sabuwar ƙwarya, ta rufe da faifai. Ta ɗora a ka ta nufi bakin ruwa, ina biye da ita, mutane na leƙowa ta kan danga. Ta yi bisimilla ta tuttule baƙin ruwan a cikin shuɗin. Kafin azahar duk layuka sun ji cewa ɗan Malam ya amsa laifi.

Sai rani ya shiga. Kowane dam yana ja baya da rani, rana na sha, ana kuma buɗe shi don masu noman rani na ƙasa da mu. Na san wannan, amma a garin ba wanda ya taɓa zama da dam balle ya sani. Ruwa ya fara janyewa, yana barin laka mai tsagewa. Inna ta riƙa kafa kara a bakinsa, in ta dawo bayan kwana biyu ta tarar karan yana kan busasshiyar ƙasa, ta cire ta matsa da shi gaba. Surutunta ya dawo. Ta koma sa wa rigata bula. Gaisuwata ma ta dawo, har ta fi ta da tsawo, tsofaffi na riƙe hannuna suna sa albarka, Tanko ya aiko mini da hanta. Wallahi gajeriyar gaisuwar nan ta fi mini sauƙin ɗauka. Rassan tsamiyoyin suka fito, sannan kututtukansu har rabi. Inna ta kamo hannuna ta kai ni ta nuna mini, ta ce saura kaɗan. Ni kuma ina kallon gabas, inda hadarin farko ya fara haɗuwa.

Ruwan sama ya sauka, aka yi shuka. Kogi ya kawo, dam ya fara hawowa, ya cinye karan Inna ɗaya bayan ɗaya, ya haɗiye kututtukan, ya koma inda yake. Na daina bin hanyar bakin ruwa don kada mu haɗu a can. Amma wata rana da hantsi ta aiko a kira ni, na je na same ta tsaye, ta dogara da sanda, tana kallon kawunan tsamiyoyin. Na tsaya a bayanta ina jiran kuka, ko faɗa, ko ma ta gane da kanta ta sake ni. Sannan ta juyo, fuskarta ba fushi ko kaɗan.

Ta ce, "Ni na ɓata aikin. Tawadar ce na cika wa ruwa, ba ta yi kauri ba. Baɗi in Allah ya kai mu ka sake."

Na ce, "To, Inna."